Ƙananan Kabejin Brussels: Daga Ina Warin da Ɗacin Suke Fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila, kuma tun da sanyi ya shigo nake ganin wasu ƙananan kabeji a kasuwa, kowanne bai wuce girman goro ba, ana kiran su Brussels sprouts. Na saya na tafasa su sosai kamar yadda na saba yi wa ganye, sai gida ya cika da wari, suka yi ɗaci, yara kuma suka ƙi ci. Ina kuskuren yake? Daga wata uwargida a Birmingham.

Amsa: Wa'alaikumus salam, uwargida. Kuskuren ɗaya ne, wato sun daɗe a kan wuta. Wannan ganye dangin kabeji ne, ya samo sunansa daga Brussels, babban birnin Beljiyam, kuma yana fitowa ne curi-curi a jikin doguwar sanda. Yana ɗauke da wasu sinadarai masu farar wuta a cikinsu, waɗanda idan aka daɗe ana tafasa shi suke sakin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Mu da muka saba da shuwaka, wadda sai an wanke an sake wankewa kafin ɗacinta ya ragu, mukan ɗauka duk ganye mai ɗaci haka ake bi da shi, alhali wannan akasin haka yake so.

Tun a kasuwa ki zaɓi ƙanana masu tauri da kore shar, domin sun fi manyan zaƙi. Ki yanke gindin kaɗan, ki ɓare ganyen waje da ya yi rawaya, ki wanke, sannan ki raba kowanne gida biyu. Turawan Ingila, waɗanda ba sa rabuwa da shi a abincin Kirsimeti, sukan tsaga gindin kafin su dafa, amma a ganina hakan ruwa kawai yake ƙara masa.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce gashi. Ki tsane su sarai, ki juya su da man gyaɗa ko man zaitun da gishiri, ki jera su a faranti ɓangaren da aka yanka yana kallon ƙasa, ba tare da cunkoso ba, ki gasa a murhun gashi mai zafin digiri 200 a ma'aunin Celsius na minti 20 zuwa 25, har bakinsu ya yi ja. Wannan ƙonuwar ta gefe ita ce take fito da zaƙin da ke danne ɗacin. Idan sun fito ki barbaɗa yajin ƙuli, ki matsa lemun tsami kaɗan. Idan kuwa tafasawa kike so, kada ki wuce minti 5 a ruwan gishiri mai tafasa. Ga yara, ki yanka su siri-siri kamar na kwaɗo, ki soya da albasa da tafarnuwa na 'yan mintoci, ki zuba a kan shinkafa. A Ingila, da naman alade aka fi haɗa su, saboda haka ki duba kwalin waɗanda aka riga aka haɗa kafin ki saya, a gida kuma ki yi amfani da soyayyen naman sa ko ɗan kilishi.

Ganyen yana da bitamin C da bitamin K masu yawa, don haka duk wanda yake shan maganin hana daskarewar jini irin warfarin ya tuntuɓi likitansa kafin ya mayar da shi abincin kullum.