Baƙin Yauƙi a Bakin Famfo

Tambaya: Malam, na kwance matacin bakin famfonmu, sai na tarar da wani baƙin abu mai yauƙi manne a ciki, ruwan kuma yana ɗan warin ruma da safe. Ba ana zuba wa ruwan kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta ba?

Amsa: 'Yar'uwa, ana zubawa, amma kulorin ba ya ratsa wannan yauƙin sosai. Bakteriya ke fara mannewa a bangon bututu, su fitar da abu mai danƙo su lulluɓe kansu. Daga nan funfuna ta samu gida: Aspergillus, Penicillium, Fusarium, da baƙar nan Exophiala mai son roba da ɗumi. Ni ma ranar da na kwance nawa na shafa da yatsa, sai da tsigar jikina ta tashi.

Mai lafiya ba kasafai funfunar take cutar da shi ba. Wanda garkuwar jikinsa ta raunana, kamar mai fama da ciwon daji ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, shi ne abin ji. A tafasa masa ruwan sha.

Ki goge matacin da burushi da sabulu. Ruwan da ya kwana a bututu kuwa, ki bar shi ya ɗan zuba kafin ki tara.