Amsa ga mai son kammala bashin gida da wuri

Malam, ka ce kana koyarwa a wani ƙauye kusa da Ringim, ana cire maka bashin gida a albashi, kana so ka gama kafin wa'adi ba tare da iyali sun ji jiki ba.

Fara da banki tukuna. In bashin asusun gidaje na ƙasa (NHF) ne, ruwansa kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, wa'adinsa kan kai shekara 30. Ka tambaya a rubuce: in ka biya fiye da abin da ake cirewa, daga uwar kuɗi za a rage, ko ajiyewa za a yi a matsayin biyan watan gaba? Na farkon ne ke rage maka ruwa.

A gida kuwa, hatsi ne babba. Sayi gero, dawa da wake da kaka, lokacin da mudu ya faɗi a kasuwar Gujungu, ka zuba waken a buhu mai leda biyu a ciki, ka ɗaure bakinsa tam. Wanda ke awo kullum a watan Agusta, shi ne ke biyan tsada. In kana da ɗan fili, kuɗin riɗi ko ragon layya da ka kiwata su tafi bashin kai tsaye, kada su kwana a aljihu.

Amma kada ka matse kuɗin cefane, rigimarsa ta fi ribarsa. Ku zauna da uwargida ku rage anko da gudummawar biki, a nan kuɗi ke zurarewa. Kuma ka ware na magani kafin damina, don zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran albashi.