Daga Bodo zuwa bakin teku da mota mai ɗaki: ta ina zan fara?

Tambaya: Ni malami ne a Samaru, Zariya. Zan je taro birnin Bodo na ƙasar Faransa, kuma ina da rarar kwana shida. Ina so in ɗauki hayar motar nan mai gado da kicin a ciki, in ga tsaunin yashi na Pila, da dajin Land, da duwatsun bakin teku na Etreta. Zai yiwu?

Amsa: Malam, biyu daga ciki maƙwabtan juna ne, na ukun ne zai cinye maka kwanaki. Etreta tana can arewa a yankin Nomandi, tafiyar yini guda cur, ga kuɗin ƙofar hanya ga na mai. Ka bar ta. Idan gangaren dutse mai faɗawa teku kake son gani, ka yi kudu zuwa tsakanin San-Jan-de-Luz da Handay, dab da iyakar Sifen. Dajin ma a kan hanyar yake.

Daga Bodo zuwa Pila kusan kilomita 60 ne, bai kai Zariya zuwa Kaduna ba. Shi ne tsaunin yashi mafi tsayi a Turai: ya haura mita 100, tsawonsa ya kusa kilomita 3, kuma iskar teku na tura shi cikin daji 'yan mitoci duk shekara, yana binne itatuwa da ransu. Wanda ya san tuddan rairayin Yusufari zai ɗan gane abin, sai dai wannan Tekun Atlantika ne a gabansa. Kada ka auna shi da hawan Kufena. Can ƙafa na samun dutse ta taka, nan kuwa duk taku biyu sai yashi ya ƙwace ɗaya. Daga bazara zuwa kaka akan kafa matakala, ka bi ta.

Motar kuma gidanka ce, a fakin za ta tsaya, ƙafa za ta ƙarasa. Nauyi gare ta, in ta taɓa yashi sai ta nutse. Tsayinta yakan kai mita 3, alhali wuraren fakin da yawa na bakin teku an gitta musu ƙarfe a wajen mita 2. Ka nemi wadda ba ta wuce tan 3.5 ba, ita ce lasin ƙaramar mota ya ɗauka, ka kuma tafi da lasin ƙasa da ƙasa. Hannun dama suke bi kamar mu. Kwana sai a filayen da aka ware, inda ake cika ruwa a zubar da na datti.

Dajin Land shuka shi aka yi. Da fadama ce, sai dokar 1857 ta zamanin Sarkin Faransa Napoliyon na Uku ta tilasta wa garuruwa janye ruwa da dasa itacen fayin, wato dogon itace mai ganye kamar allura, har dajin ya kusa hekta miliyan ɗaya. Itacen mai ƙaro ne, wuta ba ta masa wuya. A Yulin 2022 gobara ta ci sansanoni biyar na gefen Pila inda matafiya ke kwana. Saboda haka girki a kan rishon cikin mota kawai, ban da gawayi, ko da kwaɗayin tsire ya motsa.

A kudun, gangaren yana zubewa a hankali, kada hoto ya ja ka baki-baki. In kana da zaɓi, ka je a Satumba, jama'a sun ragu. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, ka duba jadawalin sallar garin tun kafin ka tashi.