Aya-aya ta mamaye min seleri, in yi feshin "mai ƙona"?

Tambaya: Malam ina noman seleri a lambu wajen Kwakwaci, ina kaiwa Yankaba da wasu otal-otal. Sati uku da dashe aya-aya ta rufe fangali, na yi noma sau biyu kamar ƙara mata taki nake. Mai shagon magani ya ce in fesa maganin ciyawa paraquat, wato "mai ƙona", tsakanin layi. Bashi na ci wallahi, me zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa ajiye wannan kwalbar tukuna. Kullum sai an zo min da maganar nan, har na gaji. Paraquat ganyen da ya taɓa kawai yake ƙonewa, ita kuma aya-aya ranta na ƙasa, 'ya'yanta a jere suke kamar carbi, ka ƙona sama bayan 'yan kwanaki ta dawo kore shar, shi kuwa selerin da iska ta kai wa feshin ya tafi kenan. Abin da ya fi damuna, gubar nan ba ta da makari, huhu take lalatawa, amma sai ka ga yaro ba takalmi ba safar hannu yana damawa, ragowar a zuba a robar lemo a ajiye a ɗaki. NAFDAC ta hana shi tun 2024, mai shagon ya sani sarai, kayansa yake son karkaɗewa. Kuma ganyen selerin nan fa ɗanye ake yanka shi a salak.

Fartanya ma da ka ga tana ƙara ta, tsinka carbin kake yi, kowane ɗa da ke barci sai ya farka. Wani maganin ciyawar kuma, clethodim, zai kashe maka kiri-kiri, aya-aya ko gezau.

Bana sai haƙuri da hannu. Duk sati a bi fangali bayan ban ruwa a tuge ta kafin ta kai ganye 5 ko 6, kafin ta fara sabbin 'ya'ya, kar a zurfafa don saiwar seleri a sama take. Ka daure haka sati 6 har ganye ya haɗe, inuwa ce ba ta so.

Babban aikin sai bazara. Bayan ka kwashe ka ba fili ruwa aya-ayar ta fito sosai, ka sa glyphosate, maganin ciyawa mai bi har saiwa, ka jira sati biyu, sannan a kafce a bar 'ya'yan su sha ranar Afrilu su bushe. Baƙar ledar rufe ƙasa kam kar ka ɓata kuɗinka, huda ta take yi.