Tsakiyar Oriyon da ta ƙone

Ka ce duk lokacin da ka ja hoton M42, gajimaren iskar gas da ƙura da ke rukunin taurarin Oriyon, wato ka ƙara masa haske a manhaja don hazon gefe ya fito, sai tsakiyar ta ƙone fari fat, taurarin nan huɗu da ke tsakiyarsa, waɗanda ake kira Trapezium, su dunƙule wuri ɗaya. To ai dole, yaro. Hotuna na minti biyar-biyar kawai ka ɗauka, kuma inda haske ya tumbatsa a kyamara, babu manhajar da za ta maido shi.

Ɗauki hotuna na daƙiƙa 10 saboda tsakiya, na minti 3 zuwa 5 saboda hazo, ka tara kowane rukuni daban, sannan ka haɗa su da HDRComposition, abin haɗa gajeren ɗauka da dogo, a manhajar gyaran hoton taurari ta PixInsight. Zancen saita na'ura kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya wannan ba ya nemi wata sana'a.

Hoton M42 ɗin nan ne wani mutum ya cuce ni a kansa. Ya zo da daɗin baki, wai zai kafa babba a zauren taronsu. Na sha sanyin dare har na fitar da ƙurar nan mai ruwan ƙasa da ke kewaye da gajimaren, tsakiyar kuma tauraro huɗu ras, kowanne da launinsa. Ya ce in turo ƙaramin JPEG ya nuna wa abokan aikinsa. Na tura bisa amana. Shiru kake ji. Ashe wani ɗan zamani ya miƙa wa, irinku masu son a gama kafin a fara. JPEG matakin haske 256 gare shi a kowane launi, nawa na asali 65,536. Ɗan zamanin ya ja shi da ƙarfin tsiya, sararin ya yi layi-layi, ya danne baƙin har ƙurar ta ɓace, ya cika jan launi kamar an watsa fenti. Suka buga, suka rataye, suka bar sunana a kusurwa. Kuɗina ya tafi, masu son aikina kuma suka ga wannan ƙazanta suka janye. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Kai dai kada ka kai baƙin sama sifiri, bar ɗan fili a hagun histogiram, jadawalin da ke nuna haske da duhun hoto, can hazon yake ɓuya. Cire taurari da manhajar StarNet, ka ja gajimaren a hankali, kaɗan-kaɗan, sannan ka mayar da su. Kawo min fayilolin FITS ɗinka, wato hotunan asali, gobe in duba.