Na Ɓoye Wuƙar Har Ƙarshen Fim, Me Ya Sa Ba Wanda Ya Firgita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Ni da abokaina uku muka ɗauki gajeren fim na minti 9 da waya. Labarin wani ɗan POS ne yana shirin rufe shago bayan isha'i, sai wani baƙo ya shigo zai ciri kuɗi. Sabis ya ƙi, suka zauna suna hira, sai a mintin ƙarshe baƙon ya zaro wuƙa. Da gangan na ɓoye wuƙar don in ba mutane mamaki, kuma na sa kiɗa mai ban tsoro tun daga farko. Da muka nuna wa 'yan ajinmu, tun minti na uku wasu suka koma danna waya. Ina kuskuren yake? Ko rashin kamara mai kyau ne?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fara wanke kamara daga zargi. Ko da za a ara maka irin wadda ake ɗaukar manyan finafinai da ita, in dai haka ka tsara labarin, a minti na ukun nan 'yan ajinku za su koma kan wayoyinsu. Kuskuren yana cikin abin da ka rubuto da hannunka: ka ɓoye wuƙar.

Ka zauna a kujerar mai kallo ka duba. Minti 8 yana kallon mutum biyu suna jiran sabis. Kai da ka rubuta labarin zuciyarka tana dukan uku-uku, domin ka san abin da ke ƙugun baƙon. Shi bai sani ba, saboda haka a wurinsa hira ce irin wadda yake ji kullum a shagon POS na unguwarsu. Kai kaɗai ka riƙe fargabar, ba ka ɗiba masa ko kaɗan ba.

Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila da ake kira gwanin finafinai masu sa zullumi, ya warware wannan a doguwar hirar da ya yi da daraktan Faransa François Truffaut a 1962. Misalinsa shi ne: mutum biyu suna hira a teburi, can sai bam ya tashi daga ƙarƙashinsu. Mai kallo zai razana na daƙiƙa 15, shi ke nan. To a sake ɗauka, amma a nuna wa mai kallo lokacin da aka ajiye bam ɗin, a sanar da shi ƙarfe ɗaya zai tashi, a kuma rataye agogo a bango yana nuna ɗaya saura kwata. Hirar banzan nan ta ɗazu yanzu ta zama abin da ba za a iya ɗauke ido daga kanta ba, mai kallo ji yake kamar ya yi musu ihu su tashi. Daƙiƙa 15 ta mamaki ta koma minti 15 na zullumi. Mu ma mun san wannan tun muna yara a gindin kaka: mai sauraron tatsuniya yakan riga yarinyar sanin cewa kyakkyawan saurayin nan dodo ne, shi ya sa yake ƙanƙame ɗan'uwansa tun kafin a kai daji.

Bari mu ɗauki labarinka mu juya shi. Daƙiƙa 20 na farko, kafin a ga shagon ma, mu ga baƙon a lungu. Ba sai mun ga fuskarsa ba. Hannunsa ya soke wuƙa a ƙugu, ya saki riga a kai, ya nufi wurin da haske yake. Yanzu duk abin da ka riga ka ɗauka ya canza ma'ana. Ɗan POS ya juya baya zai ɗauko caza, cikinmu ya ɗuri ruwa. Ya buɗe durowa yana ƙirga cinikin yini a gaban baƙon, muna cewa a ranmu wayyo rufe. Ya ce masa, "Yallaɓai zauna mana, yanzu sabis zai dawo," har ya tura masa benci, wannan kirkin nasa ya fi komai sosa rai, domin mun san wanda yake yi wa. Ba ka ƙara ko kalma ɗaya a hirar ba.

Sai ka rataya naka agogon. Fim mai sa zullumi yana son wa'adi, abin da mai kallo zai riƙa ƙirgawa. Ba dole ya zama agogon bango ba. A ce tun farko ɗan POS ya amsa waya, mahaifiyarsa ta ce ta aiko ƙanwarsa da tuwo, tana hanya. Yanzu abu biyu muke tsoro, kuma suna karo da juna: muna son wani ya shigo ya cece shi, amma ba ma son yarinyar nan ta shigo. Ko kuma mu riƙa jin usur ɗin 'yan sintiri daga nesa, yana matsowa, yana matsowa, sai kuma ya karkata wani layi ya yi nisa. Baƙon ma yana jinsa, kuma muna ganin yana ji. Irin wannan sa rai da yanke ƙauna, a ba mutum fata a ƙwace, shi ne numfashin fim ɗin. Idan ka yi shi sau uku, kowanne ya fi na baya tsanani, minti 9 sun cika ba ka sani ba.

Gajeren fim ba ya ɗaukar kaya da yawa. Wuri ɗaya, mutum biyu ko uku, matsala ɗaya. A nan ka yi daidai, kuma na yaba. A ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya minti ɗaya ne a allo, to shafi 9 gare ka, babu wurin tarihin yadda ɗan POS ya taso maraya. Ka shiga kowace fitowa, wato kowane yanki na fim ɗin, a makare, ka fita da wuri. David Sandberg na ƙasar Suwidin ya ɗauki Lights Out a 2013 a gidansa, matarsa ce jarumar, bai kai minti 3 ba. Doka guda ya kafa: a kashe fitila a ga inuwar wani abu, a kunna ya ɓace. Ya maimaita har mai kallo ya haddace dokar, sannan ya fara wasa da ita. A 2016 aka mayar da shi babban fim a Amurka. Ka lura da tsarin: a koya wa mai kallo abin da zai ji tsoro, sannan a bar shi yana jira.

Yanzu maganar da na fi son ka riƙe bayan ta wuƙa, wato fuska. Bahaushe ya ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Kai ɓeran za ka nuna, mai kallo zai ƙera abin da ya koro shi da kansa, kuma wanda zai ƙera ya fi duk wanda kuɗinka zai iya saya. Akwai lokacin da ya kamata ɗan POS ya gane. Wataƙila baƙon ya sunkuya, riga ta ɗaga, ƙotar wuƙar ta leƙo. Kada ka tsaya kan ƙotar, rabin daƙiƙa ta isa. Ka koma kan fuskar yaron, kusa sosai, ka zauna a nan. Kada ya zaro ido, kada ya buɗe baki. Ya haɗiye yawu, ya ci gaba da danna na'ura kamar bai ga komai ba. Daga nan wasan ya zama na mutum biyu da kowannensu ya san ɗayan ya sani amma ba wanda ya furta, kuma a ganina nan ne fim ɗinka yake.

Ka gaya wa ɗan wasanka ya rage, domin tacewa, wato yanka hotuna da haɗa su bayan an gama ɗauka, ita ce za ta yi masa rabin aikin. Kimanin shekara 100 da suka wuce wani malamin fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya haɗa ta da gawa a akwati, ya haɗa ta da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Abin da ka ajiye kafin fuska shi ke gaya wa mutane abin da ke cikinta. Matasanmu da yawa suna zaton saurin yanka hoto shi ke kawo tashin hankali. Kafin abu ya faru, jinkiri ake so: ka bar hoton ya wuce inda mai kallo ya saba a yanke, har ya fara jin ba daɗi. Saurin sai abin ya ɓarke.

Kuma mai kallo ya san shagon kamar ɗakinsa. Tun a minti na farko ka ba shi hoto mai faɗi: ga ƙofa, ga kanta, ga durowar kuɗi, ga sandar da ake tokare taga da ita. In bai san taku nawa ne tsakanin yaron da ƙofa ba, ba zai damu ba idan baƙon ya gyara zama ya tare hanya. Ka ja layi a zuciyarka tsakanin 'yan wasan biyu, ka ajiye kamara a gefe ɗaya na layin, don wanda ke kallon dama ya ci gaba da kallon dama.

Kiɗan da ka sa tun daga farko kuwa, cire shi. Kunne yana sabawa da sauri. Bayan minti ɗaya kiɗan tsoro ya zama kamar ƙarar fanka, kuma ka riga ka harba harsashinka tun ba a ga nama ba. Shagon POS da dare yana da nasa kiɗan: janaretan maƙwabci, babur da ke wucewa, rediyon mai shayi daga nesa, ƙarar na'ura tana fitar da takarda. Ka shimfiɗa waɗannan a ƙasa tun daga farko. Sai a daidai lokacin da yaron ya ga ƙotar wuƙar, janaretan maƙwabci ya mutu. Tsit. Yanzu ana jin numfashi, ana jin benci yana ƙara. Na sha ganin ɗaki cike da mutane ya yi shiru a irin wannan gaɓa, babu ko kiɗa guda. A Psycho, fim ɗin Hitchcock na 1960, a fitowar da aka kashe wata mace tana wanka a banɗaki, kusan babu inda aka ga wuƙa ta shiga jiki, ƙarar da ake ji ma wani abu dangin kankana aka riƙa soka. Kunne ya ji, zuciya ta ƙarasa. Wannan hanyar ta fi nuna jini tasiri, kuma ita ce ba za ta haɗa ka da hukumar tace finafinai ba.

Amma fa sai sautin ya fita da kyau. Mutane suna haƙuri da hoto mai dishi-dishi, ba sa haƙuri da magana da ba a ji. Ka sa wata wayar a aljihun gaban rigar kowane ɗan wasa, ko ka ɓoye ta bayan kaya a kan kanta, tana naɗar murya. Ka tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara kafin kowace ɗauka don ka daidaita hoto da sauti wajen tacewa. Kafin ku tashi, kowa ya yi shiru minti ɗaya ka naɗi sautin shagon kawai, da shi za ka cike giɓi. Ƙarar janareta kuma daban za ka naɗe ta ka ɗora daga baya. In tana tashi lokacin da ake magana, ba za ka iya kashe ta a inda kake so ba.

Haske a taƙaice. Kada ka ɗauki dare a cikin duhu na gaske, waya ba ta jure shi, hoton zai fito kamar an watsa masa yashi. Ka haska wurin, ka rage hasken wajen tacewa. Fitilar caji ɗaya daga gefe, rabin fuskar baƙon a inuwa, ta fi ƙwan da ke tsakiyar rufi. Ka kulle haske da saitin ido na kamarar, wato abin da ke sa hoto ya fito tar, don kada su riƙa canzawa da kansu. In ka ga hoto yana rawa a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ka saita kamarar ta riƙa ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, domin wutar Najeriya da Nijar zagaye 50 take yi a daƙiƙa, lissafin sai ya daidaita.

To mamakin da kake so a ƙarshe fa? Yana nan, ba a hana ka ba. Tunda ka ba da wuƙar kyauta, sai ka ɓoye wani abu daban, kuma ka binne alamarsa tun da wuri. Misali, duk dannawar da yaron yake yi yana cewa sabis ya ƙi, ashe saƙo yake tura wa mai shayin da ke ƙetaren titi. In mun ga mai shayin a minti na farko sun gaisa, mun kuma ga yaron yana karkatar da allon daga idon baƙon, to da ƙofa ta buɗe mai kallo zai ce kai, ai na gani ban lura ba. Wannan ƙarshe ne da aka biya kuɗinsa. Abin da nake roƙonka ka guje wa shi ne a farka a ce ashe mafarki ne. Mutum ya ba ka minti 9 na tsoronsa, kada ka ce masa a banza ya ji.

Ranar da za ku koma ɗauka, ku yi wuƙar da katako ko roba ku shafa mata fenti, kada ta gaske ta zo wurin ko da wasa. Ku sanar da mai unguwa da 'yan sintiri da maƙwabtan shagon tun da rana. Mutum da wuƙa a shagon POS da dare, wanda ya hango daga nesa ba zai tsaya neman kamara ba.

Kafin nan ma ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Ka ɗauki hoton hannun nan da wuƙar a lungu, daƙiƙa 10, ka manna shi a farkon fim ɗin da kake da shi yanzu. Ka cire kiɗan gaba ɗaya. Ka nemi mutum biyar da ba su taɓa gani ba, ka kunna musu, ka zauna a gefe inda kake ganin fuskokinsu, ka rubuta mintin da hannun kowa ya nufi aljihu. Ka aiko mini da abin da ka samu, daga nan sai mu san waɗanne fitowa za a sake.