Amsa ga mai tambaya kan komawa Windows 11 a shagon hoto

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka tambaya ko ya dace ka ɗaga kwamfutar shagonka da ke Zengou daga Windows 10 zuwa Windows 11, alhali kana fargabar na'urar buga hotunanka ta daina aiki. Fargabarka tana kan hanya, amma zama kan tsohon tsarin ma yana da nasa haɗari, domin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10, kuma kwamfutar da kullum ake soka mata katunan ƙwaƙwalwa da filashin abokan ciniki ita ce ta fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta.

Da farko ka duba ko injin naka zai ɗauka ma, tunda Windows 11 yana buƙatar TPM 2.0, wato wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfuta, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Matsalar da ta fi cin rai ba manhajojin gyaran hoto irin su Photoshop ko Lightroom ba ce, manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta ce. Ka shiga shafin kamfanin firintarka ka tabbatar sun fitar da ta Windows 11. Ni na yi gaggawa, sai launin fata ya riƙa fitowa da ja-ja har na sake saita launukan, na yi asarar takarda ba kaɗan ba.

Kada ka taɓa komai ana gab da Sallah, lokacin da hotunan hawan Sarkin Damagaram da na bukukuwa suke cika maka hannu. Ka kwafe ayyukanka a wani faifai na daban, sannan da zarar ka ɗaga kwamfutar ka buga hotunan gwaji nan da nan, domin kwana 10 kawai ake ba ka na komawa Windows 10 cikin sauƙi.